Uwarsa ta Arewa

Bana dai ruwa bai yi mana rowa ba. Yau kwana huɗu ke nan ana marka, katangar bayan gida ta jiƙe har ta fara zubewa ta wajen turken awaki, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika madafa sai hawaye kake kamar an yi maka mutuwa. Geron da ke bayan gidanmu ya fi tsayin mai shi, ya fid da kai, iska tana kaɗa shi. A irin wannan lokaci hirar mutanen garinmu ba ta wuce tsadar taki, da tsutsa, da wanda awakinsa suka shiga gonar wani. Amma bana ina! Ka je injin niƙa, Nijar. Ka je ɗiban ruwa, Nijar. Ka zauna a tsakar gidanka kana tsince wake, muryoyin maza su tsallako katanga su same ka da ita.

Abin da ya faru kowa ya ji a rediyo. Sojojin can sun tuɓe shugabansu sun tsare shi, shugabannin ƙasashen nan namu kuma suka ce ko a mayar da shi kujerarsa, ko su tura sojoji su mayar da shi da ƙarfi. An rufe boda. An ce har wuta an yanke musu. Dakalin ƙofar gidanmu shi ne majalisar unguwa tun Malam mai gidana yana da rai, rasuwarsa kuma ba ta tashe ta ba, don haka ko ban so ba sai na ji komai.

Mutum biyu ne suka fi kowa baki. Akwai Baffa Sule, ƙanen Malam, akwai kuma Nasiru malamin firamare, wanda in ya fara magana sai ka ce shi aka aika masa da takardar.

"Baffa, ba maganar ƙiyayya ba ce," in ji Nasiru. "In aka bari duk mai bindiga ya wayi gari ya ce shi ne gwamnati, gobe kanmu za ta zo. Dole a taka musu birki."

"To a taka mana," in ji Baffa Sule. "Amma da ƙafar wa? Kai ka san in ka bar nan Makoɗa da hantsi a boda za ka yi azahar? In aka harba can, a tukunyar gidanku zai faɗo."

Wani ya ce Turawa ne ke zuga, wani ya ce shi farashin shinkafa ne ya dame shi, wani ya ce duk barazana ce, ba inda za a je. Ni dai ban san wanda ya fi gaskiya ba. In Nasiru ya yi magana sai in ji kamar yana da hujja, in Baffa ya karɓe sai in ce ai shi ke nan an gama. Abin da na sani ɗaya ne: ina da soja. Ɗan farina ne.

Kada ku tambaye ni sunansa. 'Yan matan yanzu sai ka ga yarinya ta ɗauki ɗan farinta tana cilla shi sama a gaban surukarta, tana kiran sunansa har da waƙa, ko a jikinta. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a zama a yi hira da shi. Kusan shekara arba'in ke nan ban taɓa buɗe baki na kira sunan yaron nan ba. "Yaron nan" nake cewa, ga shi har furfura ta fara fito masa a gemu. Shi kuma Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa, domin a ɗakin kakarsa ya tashi. Matarsa Sadiya a nan take zaune tare da ni da yaransu. In ya kira waya ita yake kira, su gama maganarsu, sannan ta leƙo ta ce, "Inna, yana gaishe ki." In ce, "Ina amsawa." Iyakar hirarmu da shi ke nan, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibun haka.

Shekaranjiya ina tuƙa tuwo Sadiya ta tsaya a bakin madafa, waya a hannunta, ta ƙi shigowa ta ƙi tafiya.

"Inna, ya ce an soke hutun kowa. An ce su zauna cikin shiri."

"Shirin me?"

"Bai faɗa ba. Ya ce ba a faɗar irin wannan a waya."

Na ce to Allah ya tsare, na ci gaba da tuƙi kamar labarin wani aka ba ni. Tuwon ranar gudaji ya yi, ni da rabona da yin tuwo mai gudaji tun ina amarya. Tun daga lokacin kuma Mariyama ta dawo min a rai, ta zauna, ta ƙi tashi.

A bazarar shekarar yunwa na haife shi. Dama kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba, sa'ad da na dawo daga wankan gida rumbunmu sai an zura rabin jiki kafin a taɓa hatsi. Zafin shekarar nan kuwa, Allah kada ya maimaita. Randa ka cika ta da safe, kafin azahar ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, ka kore su su dube ka kawai. Gwaggo, uwar Malam, ita ke riƙe da gidan, ita ke auna abin da za a daka, kuma ita ta karɓi jaririn tun ranar da na dawo. Nawa shayarwa ce kawai, a ƙuryar ɗaki, in gama in miƙa mata shi ba tare da na dubi fuskarsa ba.

Ruwan farko ya sauka aka fita shuka. A garinmu matan aure ba sa zuwa gona, amma shekarar nan ta cire wa kowa wannan. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa iri muna takewa da diddige. Gero ya tsiro, ya yi ganye biyu uku, gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, mu jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi. Mu kwashe tukwanenmu a bushe mu mayar. Geron ya murɗe, ya yi fari, ya kwanta. Aka sake shuka da wani yayyafi da bai jiƙa ko tafin hannu ba, ita ma ta ƙone. Ta uku da irin da Gwaggo ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka aka yi ta. Maza suka fita filin idi roƙon ruwa, riguna a juye, suka dawo da rana tsaka gumi yana ɗiga daga gemunsu, sama kuwa tas.

Abinci a hankali ya janye. Da farko aka daina na rana. Daga nan tuwon dare ya koma kunu. Daga nan kunun ya koma ruwan da aka nuna wa gari daga nesa. Sai tafasa, sai rama, sai yaɗiya, sai dusar da a da ko akuya sai ta yi yanga kafin ta ci. In Malam ya samo garin kwaki a kasuwa, mu da ba mu saba da shi ba, ranar salla ce. Da asuba maza su sha ruwan kunu su tafi gona su yi ta noman abin da ba ya girma, mu kuma mu bi gefen gonaki da ƙwarya muna tsinkar ganye, mu dawo mu dafa, mu matse, mu barbaɗa gishiri in akwai. Warin tafasa a tukunya, har yau in na ji shi a gidan maƙwabta sai in tashi in bar wurin.

Yana wata huɗu nonona ya ɗauke. Gwaggo ta yi kunun kanwa da ɗan geron da ta rage, ta jiƙa min saiwoyi masu ɗaci, ta sa aka karɓo rubutu, duk a banza. Akuyar da za a tatsa an riga an kai ta kasuwa. Da farko yaron yana tsala kuka har maƙwabta su aiko a tambaya. Daga baya kukan ya koma kamar na ɗan mage. Maɗigarsa ta lotsa. Gwaggo tana ɗiga masa ruwan kunu da yatsa yana dawo da shi. Ni kuwa ina zaune a gefe ina tsinkar tafasa kamar ba ni na haife shi ba. Wallahi zuciyata kamar ana yanka ta, amma in na tashi na rungume shi a gaban Gwaggo, gobe a bakin rijiya za a ce 'yar gidan wane ba ta da kunya. Sai in zagaya bayan gida in yi kukana, in wanke fuska, in dawo in zauna.

A kwanakin nan mutanen arewa suna ta wucewa ta hanyar garinmu, ƙungiya-ƙungiya, wasu da jaki, wasu da ƙafa. Wata Laraba da hantsi Malam ya shigo ya ce wa Gwaggo akwai wasu baƙi biyu a gindin tsamiya, matar ba za ta iya ƙara taku ba. Mijin sunansa Isa, dogo, ba shi da komai sai sanda da damin igiyoyi a kafaɗa. Igiyoyin shanunsa ne. Shanun sun mutu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya kasa yar da igiyoyin. Gwaggo ta ce, "A shigo da ita. Abin da muke lasa shi za su lasa."

Ta shigo tana dafa bango. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, da zane biyu-biyu a kumatu. Majanyi yana ɗaure a ƙugunta amma ba goyo a bayanta, gaban rigarta kuma ya jiƙe wuri biyu. Gwaggo ta duba sau ɗaya ta kawar da kai, ta gane. Aka ba ta ruwa ta sha, ta ce sunanta Mariyama, daga can gaba da Tasawa suke, cikin Nijar. A lokacin ma an ce an rufe boda. Da aka tambaye ta yadda suka wuce ta ce ita ba ta ga wata boda ba, ƙaya ta gani da gonaki busassu. Sannan ta ce, da irin Hausarsu, "Ɗiyata ta rasu bisa hanya, yau kwana ukku." A wani ƙauye aka binne ta, ko sunan ƙauyen ba ta sani ba.

Muna yi mata gaisuwa sai yaron ya yi ɗan kukan nan nasa a cinyar Gwaggo. Mariyama ta ɗago kai kamar an tsikare ta.

"Jinjirin ga na wa ne?"

Gwaggo ba za ta nuna ni ba, ni kuma ba zan ce nawa ne ba ko za a yanka ni.

"Allah sarki," in ji ta. "Uwarshi ta rasu ne?"

Ina zaune fa, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Gwaggo ta yi tari. Matan maƙwabta da suka shigo ganin baƙuwa suka sunkuyar da kai. Mariyama ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ta iso kaina, ta same ni ina ta yagar ganye ɗaya da na riga na yaga. Sai ta kama baki.

"Af! Ɗan fari ne." Ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji a gidan nan cikin makonni. Ta juya wajen Gwaggo ta miƙa hannu biyu. "To tun da ba shi da uwa cikin gidan ga, ku ba ni shi."

Gwaggo ba ta yin abu da gaggawa. Ta aika zaure aka tambayi Malam, ta tsaya a bakin ƙofa tana jin amsa, mu ma muna ji. Malam ya ce, "Ku dai ku sani, ko sau ɗaya ya sha ya zama ɗanta. Duk 'ya'yan da za ta haifa 'yan'uwansa ne, babu aure a tsakaninsu, kuma ba mai raba su har tashin duniya." Isa ya ce, "Mun sani, Malam. Can wajenmu ma addinin haka yake."

Aka miƙa mata shi. Na juya baya na fuskanci murhu. Da farko shiru, ya manta yadda ake kamawa. Can sai na ji haɗiya, ƙwat, ƙwat, ƙwat, da kukan Mariyama a hankali a kansa. Ban juya ba. Na yi shekaru a duniya, na ji kiɗan biki, na ji saukar ruwan farko a kan kwano, ban taɓa jin abin da ya kai haɗiyar nan daɗi ba.

Aka ba su ɗakin da ake ajiye ƙaiƙayi, Isa ya shiga sahun maza a gona, ni da Mariyama aka haɗa mana ƙwarya ɗaya. Nan fa aka fara yaƙi. In an zuba kwaɗon tafasa da ɗan gari a kai, sai in bi a hankali ina tura wajen da ya fi gari zuwa gabanta, don na san duk abin da ta ci cikin wa zai shiga. Ita kuma ta lura, ta juya ƙwaryar. In sake juyawa. Wata rana muka yi ta juya ƙwarya har Gwaggo ta daka mana tsawa ta ce in ba za mu ci ba a ba ta, ita ba ta ƙoshi ba.

Tsokana kuwa Mariyama ba ta da na biyu. Bakanuwa take ce min. Ta ɗaga yaron sama ta yi ta rangaɗa sunansa da irin lanƙwasar bakinsu, tana kallona ta wutsiyar ido, ta ce, "Bakanuwa, mi ne ne sunan yaron ga? Na mance." In ɗauki tsintsiya in bi ta. Amma in mun fita tsinkar ganye muka yi nisa, muka shiga inda ba kowa, sai ta kwance goyon ta miƙo min shi. "Karɓi. Ba mai gani sai Allah, shi ko ya san ke kika haihe shi." A gindin wata kuka da ke bayan gonar Malam na fara sanin nauyin ɗana a hannuna, na ƙirga yatsunsa, na shinshina kansa. Ita kuma ta juya baya tana tsinkar yaɗiya, tana gadi, in ta hango mutum ta yi gyaran murya.

Ruwan da muka fid da rai da shi sai can a makare ya dawo. Da la'asar ne, hadarin ya haɗu kamar kullum, ko tukwane ba mu fitar ba don mun gaji da a yi mana dariya. Sai ƙamshin ƙasa ya riga shi isowa. Kafin mu ankara ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Gwaggo da tsufanta ta fito tsakar gida tana kabbara, maza suka dawo daga gona a jiƙe suna dariya kamar yara. Mariyama ta tsaya a bakin ɗaki da yaron a kafaɗa, ba ta kallon ruwan, arewa take kallo. Ta ce, "Ko ya kai wajenmu?"

Ita ta koya mana cin ƙarangiya. Ƙarangiya dai da kuka sani, mai maƙale wa mutum a zane. Da ta nuna ta bushe, Mariyama ta ɗauki tsohon buhu tana ja a kanta, ta tara, ta daka, ta sheƙe, sai ga wata 'yar tsaba ƙanana ta fito, ta dama mana kunu da ita. Matan unguwa suka yi ta dariya, wai baƙuwar Gwaggo ta haukace tana daka ƙaya. Kwana uku tsakani sai ga su suna sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da tsohon buhunta a hammata, wai wucewa suke suka ce bari su gaishe mu.

Shuka ta uku ta ba da ɗan abin da ta bayar. Dawa ba ta yi ba, gero kaɗan, wake ne ya rufa asiri. Ranar da Malam ya shigo da tumun farko, Gwaggo ta gasa shi da kanta, ta murje a faifai, ƙamshi ya cika gida, duk muna haɗiyar yawu. Ba ta ba ɗanta ba, ba ta ɗanɗana ba, Mariyama ta fara miƙa wa. Da hatsi ya shiga jikina nonona ya dawo kaɗan-kaɗan, yaron ya zama mai uwa biyu, ya sha nan ya sha can, ya yi kumatu har da wuyan ƙiba.

Sun yi rani tare da mu. Isa yana tufkar igiya yana kai taki gonaki da jakin Malam, ni da Mariyama muna daka a turmi ɗaya, muna kitsa wa juna kai. Ban taɓa yin ƙawa irinta ba, kafin ta da bayanta. Da bazara ta juyo, labari ya zo cewa ruwa ya sauka a arewa, sai Isa ya fara kasa zama wuri ɗaya. Gwaggo ta ƙulle musu irin gero a tsumma. Ranar tafiyar da sassafe, yaron ya fara takawa ke nan, yana riƙe da gefen zanenta duk inda ta yi. Ta ja ni bayan rumbu.

"Bakanuwa, in ya yi wayo ki hwaɗa mishi. Ki ce yana da uwa arewa."

Na ce, "Gwaggo za ta faɗa masa."

"Ke nika so ki hwaɗa."

Na yi dariya na ce ta cika neman magana. Kuma ban ce mata na gode ba. Ku ji fa. Matar da ta ɗauko min ɗa daga bakin kabari, ban ce mata na gode ba, domin in na yi godiya na amsa cewa nawa ne, ga mutane a tsaye ana sallama. "Allah ya kiyaye hanya" na ce, kamar yadda ake ce wa mai tallan daddawa. Gwaggo ta ɓamɓare yatsunsa daga zanenta. Kwana uku yana kuka yana leƙen zaure. Ni ma kwana ukun na yi ina zagayawa bayan gida.

Sau ɗaya muka ƙara jin ɗuriyarta. Bayan wajen shekara tara wani ɗan cin rani ya yi sallama ya kawo cuku, busasshen nonon nan nasu, a ƙulle cikin tsumma, ya ce in ji Mariyama matar Isa, tana gaida Gwaggo da Bakanuwa da ɗanta, kuma Allah ya ba ta maza uku da mace ɗaya. A lokacin Gwaggo ta riga ta rasu. Yaron yana makaranta, ya dawo ya ci cukun nan ya ce ya yi tauri, bai san daga inda ya fito ba. Malam ya ce a bari sai ya yi hankali. Da ya yi hankali ya tafi makarantar kwana, daga can ya shiga soja. Ina jin Malam ya ɗauka ni zan faɗa masa, ni kuma na ɗauka Malam zai faɗa, kowa ya bar wa kowa har Malam ya bi uwarsa. Baffa Sule yana kudu neman kuɗi a shekarar yunwar, bai san komai ba. Matan da suka zo da tsofaffin buhuna duk sun kwanta dama. Saura ni kaɗai. Sunan garinsu ma, da na riƙe shi shekara da shekaru, na neme shi a kaina na rasa. Ina kewar matar nan, wallahi ina kewarta, ban ma san ko tana raye ba.

Yau bayan azahar ruwa ya ɗan tsagaita, majalisa ta koma dakali. Ina shanya wake a tabarma na ji Nasiru yana cewa, "Soja ai umarni yake bi, Baffa. In an ce ya tafi, tafiya zai yi, ba ruwansa da wane ne a gabansa." Baffa Sule ya ce wani abu, ban ji ba. Lissafin shekaru nake. Mazan nan uku na Mariyama yanzu duk sun haura talatin. Daidai shekarun da in an ce an shigo ƙasarku, mutum zai ɗauki abin da ya samu ya fita.

Na kira Sadiya na ce ta kira shi.

"In ce masa me, Inna?"

"Ba ki ce komai ba. Ba ni wayar."

Ta tsaya tana kallona kamar na yi wani yare. Ta danna, ta miƙo min da hannu biyu, ta ja da baya ta tsaya a bakin ɗakinta. Wayar ta yi ta ƙara a kunnena, ina addu'ar kada ya ɗauka, ina addu'ar ya ɗauka. Sai na ji muryarsa, irin ta ubansa sak.

"Sadiya? Ya aka yi? Ina jin ki."

Na ƙara manna wayar a kunnena.

"Sadiya? Ba na ji. Bari in kashe, zan kira anjima."

Sai na kira sunansa. Haka kawai ya fito, da wata murya da ban san tawa ba ce. Na ce ni ce, kada ya katse ni, in ya katse ni ba zan iya sake farawa ba. Na ba shi labarin tun daga tulun Gwaggo har zuwa bayan rumbu. Na ce, "Ban ce ka ƙi aikinka ba, ban san komai a kan mulki ba. Amma in an kai ka can, ka sani kana da ƙanne maza uku da mace ɗaya, nono ɗaya kuka sha, ban san sunayensu ba, ban san kamanninsu ba. Duk wanda ka gani a gabanka zai iya zama shi ne. In kuma Allah ya haɗa ka da wata tsohuwa doguwa mai wushirya, da zane biyu-biyu a kumatu, sunanta Mariyama matar Isa, ka durƙusa ka gaishe ta, uwarka ce. Ka ce mata Bakanuwa ta faɗa maka da bakinta. Ka ce ta ce ta gode."

Ina jin wata mota tana wucewa a can wajensu, a nan kuma su Baffa Sule suna ta musu a bayan katanga. Can ya yi gyaran murya.

"Yaya, ki sake faɗa."

Na ja numfashi na koma farko. "A bazarar shekarar yunwa..."

"A'a, ba labarin ba. Labarin na ji shi. Sunan."

Sadiya tana tsaye tana share ido da gefen mayafi. Na juya mata baya, na fuskanci rumbu, na riƙe wayar da hannu biyu.

Na ce, "Auwalu."